Bindigar farautata ta daina saiti: matakan da na bi kafin in yarda a sauya mata bututu

A ƙarshen watan Afrilun 2023 na harbi wani kishimi a gefen wata gonar alkama a tsakiyar Ingila. Tazarar ba ta kai yadi 100 ba, bindiga tana kan sandunan tokare, iska ko ganye ba ta kaɗawa, dabbar kuma ta tsaya ta ba ni haƙarƙari sosai. Irin harbin da na yi ya fi a ƙirga. Na yi bisimillah na matsa kunama, amma maimakon ya zube nan take ko ya ɗan ruga ya kife, sai na ga ya yi doro ya ja jiki a hankali ya shige sarƙaƙiya. Duk wanda ya taɓa farauta ya san fassarar wannan doron: harsashi ya sauka a tumbi, bai sami ƙirji ba. Sai da na buga wa wani mai karen bin jini waya, muka shafe sama da awa biyu cikin ƙaya kafin muka tarar da shi kwance da sauran numfashi, na ƙarasa shi. Da na duba, harsashin ya shiga wajen inci biyar bayan inda na auna. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Daga ranar har ƙarshen Oktoba ban ƙara ɗaga bindigar a kan wani abu mai rai ba. Abin da ya gudana a waɗannan watanni shi nake so in rubuta, don na yi ɓarnar kuɗi da lokaci a wuraren da da na sami mai gaya mini, da ban yi ba.

Ga wanda bai san yadda abin yake a nan ba, Birtaniya tana da barewa iri shida a daji, kuma babu kyarkeci ko wani naman dawa da ke rage su, shi ya sa manoma da masu gandun itatuwa suke neman masu lasisi su riƙa rage musu. 'Yan sanda ne ke ba da lasisin, shekara biyar yake yi, kuma a jikinsa ake rubuta kowace bindiga da lambarta da girman harsashinta da adadin harsasan da aka yarda ka ajiye a gida. Tawa mai sakata ce, ƙotarta ta katako, tana cin harsashin .243 Winchester. Kusan shi ne mafi ƙanƙanta da dokar barewa ta 1991 ta yarda a harbi yawancin barewa da shi a Ingila da Wales, domin dokar ta ce faɗin harsashi kada ya gaza inci .240. Ta hannu na saye ta a 2017 a kan fam 450, ina murna na yi tsintuwa. Ban tambayi harsashi nawa ta ci a hannun mai ita na farko ba, ban ma san ana tambaya ba. Shekara shida tana zuba mini harsashi biyar cikin faɗin inci guda a yadi 100, har na saba, na daina gwada ta sai sau ɗaya ko biyu a shekara.

Washegarin abin na kira kawuna a gida, wanda a wurinsa na fara jin warin albarushi lokacin ina yaro ina rataye masa burgami yana saɓe da adaka. Na ce, “Kawu, bindigar nan tawa ta fara yi mini ƙarya.” Ya yi dariya ya ce, “Ɗan nan, kafin ka ɗora wa ƙarfe laifi, fara tambayar hannunka da idonka. Yanzu shekarunka nawa?” Maganar ta sosa ni, amma da ita na fara. Ranar Asabar na je wani filin gwajin harbi mai rufi, dogon rami ne na yadi 100 inda iska ba ta shiga. Na nuna lasisi a ƙofa, na biya fam 15 na awa ɗaya, na jera buhunan yashi gaba da baya yadda bindigar za ta kwanta da kanta ba sai na riƙe ta ba. Na harba biyar, ina ba da minti biyu tsakanin kowane harbi don kada bututu ya yi zafi. Da takardar bara, wato wadda na auna na harba, ta iso, ramukan sun watse a faɗin inci uku da rabi. Gwaji na biyu ya kusa inci huɗu. Na uku shi ya fi ba ni tsoro: ramuka uku sun haɗe kamar ɗaya, biyu kuma sun yi nasu wuri, ɗaya sama ɗaya hagu. Na miƙa wa wani abokina Bature da ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, ya harba biyar, shi ma haka. Na karɓi tasa bindigar na harba, suka taru cikin inci guda. Hannuna dai ya fita, kuma wannan gwajin musayar shi ne abu mafi araha da amfani da na yi a duk tafiyar.

Daga nan na tafka kuskure na farko. Na shiga intanet na karanta maganganun mutane barkatai, na dawo na yi komai a lokaci guda: na sayi harsashi iri uku daban, kwali biyu kowanne, mai guda 20 a kan wajen fam 38, na ƙara ɗaure notuna da hannu ba awo, na goge bututu sama-sama, na koma fili. Wani tarin ramukan ya ɗan matse, wani ya ƙara buɗewa, kuma na rasa wanne daga cikin abubuwan da na taɓa ya jawo wanne. Sauri ya haifi nawa. Sama da fam 200 ya tafi a hayaƙi ban ƙaru da komai ba. Abokin nan nawa shi ya ce in sayi ɗan littafi, in riƙa taɓa abu ɗaya tak kafin kowane gwaji, in tsaya a kan harsashi iri ɗaya daga kwali mai lamba ɗaya, in kuma manna kowace takardar bara da kwanan wata. Tun daga ranar aikin ya fara hankali.

Muka fara da madubin saiti da abin da ke riƙe da shi, don nan ne laifi ya fi yawan ɓuya. Na ari sukundireba mai auna ƙarfin ɗauri, na kwance madubin gaba ɗaya, sai ga ɗaya daga notunan gindin da ke manne da gangar bindigar, wato jikin ƙarfen da ke riƙe da bututu da sakata, ya saki, da ɗan yatsa ma yana juyawa. Zo ka ga murna. Na ce shi ke nan, an kama ɓarawo. Na goge, na ɗaure kowane noti daidai awon da masu ƙera shi suka rubuta, haka ma manyan notuna biyu da ke haɗa ganga da ƙota. Na koma fili da ƙwarin gwiwa, na dawo da inci uku. Mako na gaba na cire madubina na ɗora na aro wanda aka tabbatar da lafiyarsa, ban ga wani bambanci ba. Na cire salansa, wato abin rage ƙara da kusan kowane maharbin barewa a nan yake ɗaurawa a bakin bindiga, na harba babu ita. Wurin saukar harsashi ya matsa, amma watsuwar tana nan. Sai na koma kan ƙota. Katako yana shan laima ya kumbura, ƙasar nan kuwa ruwa ba ya yanke mata. Bindigar da aka yi ta bututu yana lilo ba ya taɓa katako, ana gwada ta ne da takardar kuɗi: ka zura ta ƙarƙashin bututu ka ja ta har gindi. Takardar fam biyar ɗina ta maƙale tun a inci biyu na farko. Na naɗe takardar yashi a jikin wani guntun sanda na kankare wurin a hankali, na shafa mai don toshe katakon, na sake gwadawa. Ta sauko inci biyu da rabi. An samu, amma ba a kai ba.

Saura wanki, kuma a nan sai in ce kunya ta kama ni. Shekara shida abin da nake kira wankin bindiga shi ne in ja igiya mai burushi sau biyu in shafa mai. Ashe kowane harsashi da ya wuce yana barin ɗan jan ƙarfen rigarsa a bangon bututu, ga kuma baƙin toka da ke daskarewa a gaban ɗakin harsashi. Na sayi sandar wanki ta ƙwarai da ruwan maganin da ke narkar da jan ƙarfe. In ka jiƙa ƙyalle ka tura, ka jira minti goma, ka tura busasshe, idan akwai jan ƙarfe shuɗi yake fitowa kamar an tsoma shi a marina. Dare uku na yi a gareji ina turawa, uwargida tana mitar wari, kafin ƙyallen ya fara fitowa fari. A fili, harbi uku na farko suka watse fiye da da, abin da aka saba gani ke nan da wankakken bututu. Daga nan biyar suka taru cikin inci ɗaya da rabi, har na ɗauki hoto. Kafin in kai harbi na 20 ta koma gidan jiya. Da na dawo gida na tura ƙyalle, shuɗi shar kamar ban taɓa wanke ta ba. Bututun da ke tara jan ƙarfe da wannan saurin, cikinsa ya yi kaushi. A ranar na fara yarda cewa abin ya fi ƙarfin gareji.

Shagon farko da na kai ta, mai shagon ya zare sakata, ya ɗaga bututun ya leƙa ta fitilar rufi na 'yan daƙiƙu, ya ce ta mutu, ya juya yana nuna mini sababbi a jikin bango. Ƙila ma gaskiya ya faɗa, amma ido tsirara ba ya ganin abin da ake nema, lalataccen bututu ma ƙyalli yake yi in an haska shi. Na yi godiya na fito. Wani dattijo a filin harbi ya kwatanta mini wani maƙerin bindiga mai rajista, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gidana, wanda ba ya sayar da sababbi, gyara kawai yake yi. Na buga waya, ya ba ni rana bayan mako uku, ya ce in zo da lasisi, da salansar, da takardun barar da na tara, da ragowar harsasan da nake amfani da su. Kuɗin dubawa fam 30.

Ranar na same shi a wani ɗan shago bayan gidansa, tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya duba lasisi, ya gwada lambar da ke jikin bindiga da ta takarda, sannan ya shimfiɗa takardun barata a kan tebur bi da bi ya daɗe yana kallo kafin ya taɓa bindigar. Daga nan ya ɗauko wata 'yar kyamara mai siririn dogon wuya ya zura ta cikin bututu, hoton yana fitowa a allon kwamfuta, ya ce in jawo kujera. Gani ya kori ji. Cikin bututun irin wannan bindiga kamar gona yake, akwai kunya akwai kwari, suna tafiya a murɗe daga gindi har baki, su ne ke kama harsashi su juya shi kamar katantanwa don ya tafi a miƙe. A tsakiyar bututun kunyoyin suna nan da kaifinsu, gwanin sha'awa. Da ya ja kyamarar baya zuwa wurin da suke kira maƙogwaro, daidai inda harsashi ke fara cizon kunya bayan ya bar kwansonsa, sai na ga ƙarfe ya tsattsage kamar faso a dunduniyar manomi cikin hunturu. Kusan inci guda babu kunya sam, ta cinye, tsagewar kuma ta ci gaba har wajen inci uku. Ya ce wuta ce. Duk harbi guda, iskar albarushi mai tsananin zafi tana bi ta wannan ƙuntataccen wuri da matsin da ya kusa nauyin fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci. Shi .243 kuwa, wanda aka fitar a 1955, kwanson .308 ne aka matse wa wuya, wato albarushi mai yawa ta ƙaramar kafa, shi ya sa yake cin maƙogwaro da wuri fiye da yayansa .308. Ya tambaye ni nawa na harba da ita, na lissafa wajen 900. Ya girgiza kai ya ce wannan ɓarnar ta fi haka nesa, mai ita na farko ya sha harbi da ita, kuma da alama yana yi tana da zafi. Araha dai ba ta ado.

Bai tsaya nan ba, ya juya kyamarar ta baki. Rabin incin ƙarshe duk ƙananan ramukan tsatsa ne, leɓen bututun kuma ya ɗan ɓantare a gefe guda. Ya dube ni ya ce, “Kana barin salansa a jiki in ka dawo daga daji, ko?” Na ce ƙwarai, a haka nake jingine ta a kabad, baki sama. Ya ce to wannan kam aikina ne, ba na mai ita na farko ba. Hayaƙin harbi yana barin laima da gishiri-gishiri a cikin salansa, in ka jingine ta sai ya gangaro ya zauna a leɓe yana ci. Leɓen nan kuwa shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa. In ba daidai yake ba ta ko'ina, iska za ta riga fita ta gefe guda ta ture gindin harsashin.

Ya jera mini hanyoyi. Ana iya yanke inci guda daga baki a sake leɓe da zaren salansa. Ana iya yanke gindi a tura bututun baya a sake haƙa ɗaki don a wuce wurin da ya ƙone, amma nawa siriri ne, ba shi da naman da za a yi haka, kuma kuɗin aikin ya kai rabin na sabo. Ana iya sa sabon bututu, ko kuma in haƙura in sayi wata bindigar. Na ce a yanke bakin mana, tunda shi ne mai sauƙi. Sai ya fito da ni bayan shago ya harba uku ta cikin na'urar auna gudu. Harsashina mai nauyin giren 100, wato wajen giram shida da rabi, yana fita da gudun ƙafa 2,790 a daƙiƙa. Ya ɗauki fensir ya nuna mini lissafi: dokar da ta ce inci .240 ita ce kuma ta ce ƙarfin harsashi a bakin bindiga kada ya gaza 1,700 a ma'aunin da suke kira fut-fam, kuma harsashi mai wannan nauyin sai ya kai gudun ƙafa 2,767 kafin ya cika wannan sharaɗi. Bututuna inci 20 ne, dama an taɓa rage shi. Kowane inci da aka cire yana tafiya da wani abu na gudu, saboda haka yankewar za ta ajiye ni a kan layin doka ko ƙasa da shi. Wannan ko a mafarki bai taɓa zo mini ba. Muka tsaya a kan ya ɗan share leɓen kawai a kan fam 40, ya kuma gaya mini gaskiya tun kafin ya karɓi kuɗin cewa ba ya sa ran zai wadatar. Bai wadatar ba. Ta koma tana zuba uku ko huɗu cikin inci ɗaya da rabi, sai guda ya ɓalle inci uku ko huɗu, kuma ba ka san wanne ne zai ɓalle ba. Wata rana na farko ne, daga sanyin bututu. A farauta kuwa na farkon nan shi ne duka.

Na yi mako guda ina juya lissafi. Sabon bututu na ƙarfen da ba ya tsatsa fam 390, aikin ɗaurawa da haƙa ɗaki da yanka zare fam 380, gwajin hukuma da jigila fam 90, jimla 860. Da wannan kuɗin ana samun sabuwar bindiga mai matsakaicin daraja, kuma in don lissafin aljihu ne kawai, sabuwar ta fi. Wanda bindigarsa ta araha ce tun asali, ko kunamarta ba ta yi masa daɗi, ni zan ce ya saya sabuwa ya huta. Abin da ya rinjaye ni abu uku ne. Ƙotar nan an rage ta daidai tsawon hannuna, in na ɗaga ta ido yana faɗawa cikin madubi ba nema. Maƙerin ya duba ganga da sakata ya ce lafiyarsu ƙalau. Na uku kuma shi ne zan zaɓi irin bututun da nake so. Masu sayen naman barewa a nan suna ƙara matsawa a daina harbi da dalma a koma harsashin jan ƙarfe zalla, ni ma da yawancin naman a gidana ake cinsa, wani a yi dambu a raba wa 'yan'uwa, na fi son hakan. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka harsashinsa ya fi tsawo, dogon harsashi kuma yana son murɗi mai sauri. Tsohon bututuna zagaye ɗaya yake yi a inci 10, kamar yawancin .243 na kamfani. Na ce a yi mini mai zagaye ɗaya a inci 8, tsawonsa inci 22.

Kafin in ba da kafin alƙalami na yi tunanin in koma .308 gaba ɗaya, tunda gindin kwansonsu ɗaya ne, sakatar ba ta bukatar canji, bututunsa kuma ya fi daɗewa. Na rubuta wa sashen lasisi na 'yan sandan yankinmu wasiƙar imel, amsa ta zo bayan kwana tara. Suka ce in girman harsashi zai canza, sai na cike takardar neman gyaran lasisi na aika da lasisin kansa, a canza abin da aka rubuta na bindiga da na harsasai da na salansa, kuma kada a fara aiki sai ya dawo. Tunda ba ƙara yawan bindigogi zan yi ba, babu kuɗin da zan biya, amma ba su yi mini alkawarin rana ba. In kuma .243 ɗin zan maimaita, lambar da ke jikin ganga ba ta canza ba, maƙeri mai rajista ne zai yi aikin kuma tsohon bututun zai tsaya a hannunsa, to in dai sanar da su in an gama. Na buga wannan amsa a takarda na ajiye, kuma ina ba kowa shawara ya nemi tasa a rubuce daga nasa yankin, kada ya dogara da tawa. Ga salansata ma ba za ta ɗauki .308 ba, sai na sayi wata. Manomin da nake harbi a gonarsa kuma yana jiran 1 ga Nuwamba, ranar da ake buɗe harbin matan barewar da nake farauta. Na tsaya a .243.

Tsakiyar Yuli na kai ta, na ba da fam 400, ya rubuta ta a rajistarsa ya ba ni rasit mai lambar bindigar. Wannan rasit ɗin a adana shi tare da lasisi, don shi ne shaidar inda bindigar take in an zo duba kabad. Ya ce mako takwas. Mako tara aka yi kafin ma bututun ya iso daga masu yin sa. Na kira sau biyu, a na biyun ya ce mini in ina so a yi da gaggawa akwai masu yi, ba shi ba. Ban ƙara kira ba. Da ya gama ɗaurawa sai aka aika da ita gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa tun 1813. Guda biyu ne a ƙasar, ɗayan yana Landan. A can ake harba ta da harsasai na musamman masu matsin da ya ɗara na yau da kullum da kashi 25 cikin ɗari, a duba ko wani abu ya buɗe ko ya tsage, sannan a buga mata hatimi. Laifi ne a sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimin. Zuwa da dawowa ya ɗauki mako biyu da 'yan kwanaki. Ranar 12 ga Oktoba ya kira ni. Na je da lasisi da cikon fam 460, ya nuna mini hatimin a gindin bututu, haruffan CIP da N a ƙarƙashinsu, ya sa hannu ya sallame ni. A daren na tura wa 'yan sanda sanarwa.

Na tambaye shi zancen horar da sabon bututu da ake ta gardama a kai, ya ce in harba ɗaya in wanke, sau biyar, daga nan in manta da zancen. Haka na yi. Tarin farko na gaskiya da na harba, biyar suka shige cikin abin da bai kai kashi uku cikin huɗu na inci ba, gudun kuma ya haura ƙafa 2,880. Na jan ƙarfen ma haka. Ban yarda da rana ɗaya ba, sai da na koma sau uku a ranaku daban ina harba ɗaya tak daga sanyin bututu a takarda guda. Uku ɗin suka taru, kwabo zai rufe su. Ranar 4 ga Nuwamba da sassafe na harbi mace guda a yadi 120, ta yi taku uku ta faɗi.

Da na zauna da ɗan littafin nan na haɗa lissafi, harsasan gwaji da kuɗin fili kaɗai sun haura fam 450, rabin kuɗin bututun ke nan, kuma rabinsu a makonnin da nake taɓa abubuwa barkatai suka tafi. Da zan sake, zan bi tsarin nan dai, hannu, notuna, madubi, ƙota, wanki, don kowannensu ya ɗan rage wani abu kuma bindigogi da yawa a nan ciwonsu yake tsayawa. Abokin nan nawa an taɓa ce masa tasa ta mutu, ashe jan ƙarfe ne kawai ya cushe ta. Amma zan yi su cikin mako biyu, ɗaya bayan ɗaya, da zarar kuma na ga wankakken bututu ya sake cika da jan ƙarfe cikin harbi 20, zan nufi mai kyamara kai tsaye. Fam 30 ɗin nan da tun a watan Mayu na biya shi. Kuma ko an ga faso a maƙogwaro, ba shi ne hukunci ba. Maƙerin da kansa ya ce ya ga bututu masu muni a kyamara da ke harbi lafiya, takardar bara ce ke yanke magana. Bindigar da ke zuba inci biyu kullum ba ta canzawa ta ishi mai harbi a kurmi cikin yadi 100. Wadda ke zuba inci ɗaya yau ta jefar da guda gobe ita ce abin tsoro. Yanzu ina rubuta kowane harsashi da na harba, ina cire salansa tun a bakin mota, kuma ba zan ƙara sayen ta hannu ba sai an zura mata kyamara a gabana.

Tsohon bututun doka ba ta ba ni damar tafiya da shi ba, amma kafin ya lalata shi maƙerin ya tsaga mini gindinsa biyu a tsaye don in gani da idona. Na ɗauki hoto na tura wa ɗan kawu ta WhatsApp ya nuna masa. Da yamma sai ga saƙon murya. Kawu ya ce ya gani, lallai ƙarfen ya ci wuta, ya janye maganar ido da shekaru. Ya ce tasa adakar shekara talatin tana hannunsa, sau ɗaya maƙerin garinmu ya taɓa ta, kuma zakara ya ba shi. Sannan ya ce, “To kai nawa suka karɓa a wurinka?” Na ce masa, “Kawu, ku bari sai na zo gida.”